Yadda Nana Asma'u Ta Mai Da Waƙa Makaranta

Masu koyon Hausa a ƙasashen waje su kan fara da tatsuniyoyi da labarun jarida, sa'an nan daga baya a kawo musu waƙoƙin malamai. Da yawansu su kan yi mamakin waɗannan waƙoƙi, domin sun saba da waƙa abin nishaɗi ce, ga shi kuwa sun tarad da waƙa tana lissafa farillan alwala, ko sunayen surorin Alƙur'ani, ko garuruwan da aka gwabza yaƙi. Dalili kuwa shi ne, don koyarwa aka tsara su tun asali. Cikin waɗanda suka yi wannan aiki a ƙasar Hausa, babu wanda ya kai shi inda Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta kai shi. Labarinta za mu bi a nan, mu ga wahalar da ta tarar, da dabarar da ta yi mata.

Asalin al'adar

Tsara ilmi cikin waƙa tsohuwar al'ada ce ta malaman Larabawa. Ibn Malik, wanda ya rasu a shekara ta 1274, ya tattara nahawun Larabci cikin baiti wajen dubu, shi ya sa a ke kiran littafin nasa Alfiyya. Malaman ƙasar Hausa sun gaji wannan hanya tare da littattafan da suka zo musu daga Masar da Magrib. Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu, shi ma ya tsara nahawu da sarfu cikin waƙa. Amma duk wannan da Larabci ne, watau amfaninsa ya tsaya ga almajiran da suka yi nisa da karatu.

Shehu Usmanu ya fara wa'azi wajen shekara ta 1774, yana ɗan shekara ashirin. Masu saurarensa a Gobir da Zamfara da Kabi yawancinsu makiyaya ne da manoma, ba su jin Larabci. Saboda haka ya kan yi musu magana da Fulatanci da Hausa, ya kuma tsara waƙoƙi da harshen da su ke ji, don abin da aka faɗa a wurin wa'azi kada ya watse da watsewar taro.

Mata ma su kan zo wurin wa'azin nan, abin ya zama abin magana. Wani malami mai suna Mustafa Gwani ya aiko wa Shehu da waƙa yana kushe wannan. Shehu ya sa Abdullahi ya mayar masa da amsa, ita ma cikin waƙa, ya nuna masa barin mata cikin jahilci ya fi zuwansu wurin karatu muni. Shehu da kansa, a littafinsa Nurul Albabi, ya zargi malaman da su ke koyad da almajirai safe da yamma, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata ba su san ko hukuncin salla ba. A gidan da a ke irin wannan magana aka haifi Asma'u.

Ƙuruciyarta

An haife ta a Degel a shekara ta 1793. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya Shehu da jama'arsa suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, cikin watan Fabrairu na 1804, daga nan yaƙi ya tashi tsakaninsu da Sarkin Gobir Yunfa. Shekarun da suka biyo baya na yunwa ne da ciwo da ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan, har aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. A shekara ta gaba aka kafa Sakkwato. Duk wannan a kan idonta aka yi, ba labari ta ji ba.

Ta haddace Alƙur'ani, ta yi karatun littattafai a wurin mutanen gidansu maza da mata. Tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. An aurad da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin wanta Muhammadu Bello. Da Shehu ya rasu a 1817 Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo kuwa ya zama wazirinsa. Ta haka Asma'u ta zauna a tsakiyar sha'anin mulki, 'yar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri.

Wahalar da ta tarar

Cin ƙasa da takobi abu ɗaya ne, zama da mutanenta kuwa wani abu ne dabam. Yaƙi da Gobirawa bai ƙare da faɗuwar Alƙalawa ba, an ci gaba da shi har zuwa yaƙin Gawakuke a 1836. Cikin waɗannan shekaru an kamo mutane masu yawa, da yawansu mata ne, aka shigad da su gidajen jama'a da ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato da Wurno. Hausa su ke ji, kuma sun taso ne cikin al'adar bori. In ciwo ya kama yaro, ko haihuwa ta yi wuya, ko baƙin ciki ya yi yawa, wurin 'yan bori su kan nufa. Su ne kuwa za su yi renon 'ya'yan da za su gaji ƙasar.

To, ta yaya za a koya wa waɗannan mata addini? Matar aure ba ta barin gidanta ta tafi neman karatu wani gari. Yawancinsu ba su iya karatu ba. Ko da sun iya, takarda tana da tsada ƙwarai, don daga Turai a ke kawo ta, ta biyo ta Tarabulus, ta ƙetaro Hamada a bayan raƙumi, kuma ko wane littafi da hannu a ke kwafe shi. Malami namiji kuwa ba shi da hanyar shiga wurinsu. Ashe duk abin da za a aika musu, dole ya zama ba ya bukatar takarda, ba ya bukatar a bar aikin gida, kuma mace ce za ta kai shi.

Abin da ya sa waƙa ta dace

A nan ya kamata mai koyo ya rarrabe waƙa iri biyu a Hausa. Akwai waƙar baka, ta makaɗa da maroƙa, wadda a ke yi da kalangu ko taushi ko goge, a yabi sarki ko manomi ko ɗan dambe. Akwai kuma rubutacciyar waƙa, ta malamai, wadda a ke tsarawa a takarda da ajami, watau Hausa cikin haruffan Larabci, a rera ta da murya kaɗai ba kiɗa. Ta Asma'u irin ta biyun ce. Ita rubutawa ta ke yi, amma ta san da kunne za a karɓa.

Rubutacciyar waƙa tana da ma'auni, shi a ke kira kari, an aro shi daga Larabawa. Aron ya zauna daidai domin gaɓoɓin Hausa iri biyu ne, kamar na Larabci, akwai mai nauyi akwai marar nauyi. Ku dubi kalmar nan gari. In garin da mutane ke zaune a ke nufi, gaɓar farko gajeriya ce. In kuwa garin tuwo ne, doguwa ce. Rubutun boko bai bambanta su ba, amma kari ya bambanta, ba ya yarda a sa ɗaya a wurin ɗaya. Wani Ba'amurke masanin harsuna, Joseph Greenberg, ya yi bayanin wannan dacewa ta karin Larabci da Hausa a 1949.

Bayan kari sai ƙafiya, watau sautin da ko wane baiti ya ke ƙarewa da shi, tun daga farkon waƙa har ƙarshenta. Waɗannan biyu su ne masu gadin waƙa. In mai rerawa ta manta kalma, ko ta sauya ta da wata, sai karin ya karye, ko ƙafiyar ta ɓace, masu sauraro su ji a kunnensu, su gyara mata. Maganar wa'azi in ta bi baki goma sai ta zama wata aba dabam, amma waƙa ta kan bi baki ɗari ta fito kusan yadda aka tsara ta. Har wa yau waƙa ba ta hana aiki. Mace tana kaɗin zare, ko tana niƙa, ko tana lallashin goyo, tana iya bitar karatunta.

Abin da ta zuba a ciki

Rubuce-rubucenta da suka iso gare mu sun kai wajen sittin, mafi yawansu waƙoƙi. In aka jera su sai a ga kamar tsarin karatun makaranta ne, daga na farko zuwa na gaba.

Akwai wata gajeriya da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani duka 114 cikin baiti talatin. Ta fara yin ta da Fulatanci, daga baya aka sami ta Hausa da ta Larabci. Macen da ta haddace ta, ko ba ta taɓa riƙe allo ba, ta san abin da ke cikin Littafin, kuma ta sami ƙofar da za ta shiga in ta so ƙari. Akwai waɗanda su ke bayanin tauhidi da salla da azumi da zakka da hajji. Akwai na begen Annabi, masu ba da tarihinsa. Akwai kuma na tsoratarwa, masu siffanta kabari da tsayuwar Ƙiyama da wuta dalla-dalla, har mai karatu na yanzu ya kan ji sun yi tsanani. Amma haka wa'azin wancan zamani ya ke, a tsoratar sa'an nan a kwaɗaitar da Aljanna.

Tarihi ma ta koyar da shi ta wannan hanya. Waƙar Gewaye tana bin sawun Shehu da jama'arsa wuri bayan wuri, tun daga wa'azi har hijira da yaƙe-yaƙe. Ga wadda aka kamo daga Gobir, wannan shi ne labarin yadda masu nasara su ke ganin abin da ya faru, an kawo mata shi cikin harshenta. Ba a ɓoye yake ba cewa waƙar tana neman ta jawo ta ne zuwa ɓangaren jama'ar Shehu.

Ba talakawa kaɗai ta yi wa wa'azi ba. Shehu yana da wata waƙa ta Fulatanci mai gargaɗi ga masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa a kan zalunci da cin amana. Asma'u ta juya ta zuwa Hausa wajen 1831, ita ce a ke kira Tabbat Haƙiƙa, ƙanenta Isa kuma ya yi mata tahamisi, watau ya ƙara ɗango uku a kan ko wane baiti mai ɗango biyu ya zama biyar. Da ta shiga Hausa, sai ya zama talaka ma ya san ma'aunin da za a auna sarkinsa da shi. Shi wannan Isa, autan Shehu, shi ne ya juya waƙoƙinta da yawa daga Fulatanci zuwa Hausa.

Wata dabara tata ita ce koyarwa da misalin mutane. Bello ya rubuta wani littafi da Larabci a kan salihan mata, wajen 1836, ita kuwa ta mai da shi waƙa. Ta faro daga matan Annabi da 'ya'yansa, ta biyo ta kan waliyyai irin su Rabi'atul Adawiyya ta Basra, ta gangaro har kan matan jama'ar Shehu waɗanda tsofaffin lokacin suka sani ido da ido. Mai sauraro sai ta ga ashe sarƙar ba ta yanke ba, ta iso har ƙofar gidansu. Haka kuma marsiyyoyinta, watau waƙoƙin alhinin mutuwa. Da Bello ya rasu a 1837, abin da ta fi yabonsa da shi iliminsa ne da adalcinsa da taimakon mutane. Ta kuma yi wa wata maƙwabciyarta Halima marsiyya, ba 'yar sarauta ba ce, ta yabe ta da haƙuri da kyautata wa dangi. Duk wadda ta ji ta san irin halin da a ke so ta yi koyi da shi.

Waƙoƙin nan su kan buɗe da sunan Allah da salati ga Annabi, su rufe da addu'a. Sau da yawa a kan sa ramzi a ƙarshe, watau wata kalma wadda in an lissafa haruffanta bisa ƙidayar Larabawa sai ta ba da shekarar Hijira da aka yi waƙar. Ramzin nan ya taimaki masu bincike ƙwarai wajen jera ayyukanta bisa shekaru.

Jaji da 'yan taru

Waƙa ba ta da ƙafa, sai an kai ta. Wajen ƙarshen zamanin Bello zuwa 1840, Asma'u ta tsara hanyar kai ta. A ƙauyuka a kan zaɓi mace dattijuwa, mai hankali da riƙon amana, a ba ta sunan jaji. Kalmar daga fatake aka aro ta, jaji shi ne mai jagorar ayari. Ita jaji ta kan tattaro tsofaffin mata da 'yan matan da ba su isa aure ba, domin su ne tafiya ba ta yi wa wuya, ta jawo su a ƙasa har wurin Asma'u. Waɗannan su a ke kira 'yan taru, daga kalmar taruwa.

Su kan zo da sadaka gwargwadon ƙarfinsu, hatsi ko zuma ko man shanu ko zane, ita kuwa ta rarraba wa mabukata. Sa'an nan su zauna a gabanta, ta rera, su amsa, ta yi bayani, su yi tambaya, har waƙa ta zauna. In sun koma gida sai su shiga gida gida wurin matan aure, su sauke abin da suka ɗauko. Ban da karatu, su kan taimaki marasa lafiya da masu haihuwa, su yi wa mata wankan gawa bisa sunna, su sasanta masu faɗa.

Wurin naɗin jaji ne hikimarta ta fi fitowa. A Gobir akwai sarauta ta mace, ita ce Inna, 'yar gidan sarauta, shugabar 'yan bori duka, kuma malfa da rawani suna cikin alamunta. Asma'u ta ɗauki malfa da jan rawani ta naɗa wa jajinta. Matan ƙauye da sun hango wannan shiga sun san mai iko ce ta zo, ba sai an gaya musu ba. Tufafin da suka saba girmamawa ne, amma maganar da ke fitowa daga ƙarƙashin malfar sabuwa ce. Bori yana da waƙa da taro da shugaba mace, kuma yana ba mai damuwa wurin kai kuka. Da an hana shi kawai ba a kawo madadinsa ba, da mata sun ci gaba da shi a ɓoye. Ita sai ta kawo musu waƙa da taro da shugaba mace, har ta rubuta littafi da Larabci a 1839 a kan neman waraka da ayoyin Alƙur'ani.

Akwai masu cewa hadda ba ilmi ba ce, aku ma yana maimaita abin da ya ji. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya in an tsaya ga hadda kaɗai. Amma a karatun malamai, abin da a ke haddacewa kan magana ne, bayani yana biye da shi daga bakin malami. Aikin jaji ke nan. Baiti ɗaya a kan alwala ya kan jawo tambaya goma, ita ce mai amsawa, abin da ya fi ƙarfinta kuma ta riƙe shi sai tafiya ta gaba. Asma'u ta san darajar waɗannan mata, har ta yi wa ɗaya daga cikinsu, mai suna Hauwa'u, marsiyya, ta yaba wahalar da ta sha tana kai da kawowa da ayarinta shekara da shekaru.

Bayan rasuwarta

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbaren Shehu a Sakkwato, kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da karɓar 'yan taru, bayanta kuma waɗansu matan gidan suka gada. Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, amma ba su kula da wannan tsari ba sosai, domin ba shi da gini, ba shi da rajista, ba ya neman kuɗi a baitulmali. Sai a 1930 gwamnati ta buɗe makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina, wajen shekara casa'in bayan jaji ta fara yawo da malfarta.

Ita hanyar koyarwa da waƙa ba ta tsaya ga mata ba, ba ta kuma mutu da zuwan boko ba. Aliyu Namangi na Zariya, makaho ne, ya tsara Imfiraji, makafi masu bara suka yaɗa ta kasuwa kasuwa. Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja, waɗanda dukansu suka rasu a 1958, sun yi wa mutanen Arewa gargaɗi a kan jahilci da lalaci da sha'anin mulki cikin irin wannan kari da ƙafiya, aka buga waƙoƙinsu a Zariya da boko.

Mutanen waje sun san Asma'u ne ta hannun wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, wadda ta zo Nijeriya aikin koyarwa a 1955, ta daɗe a Sakkwato. Waziri Junaidu, wanda ya fito daga zuriyar Giɗaɗo da Asma'u, ya buɗe mata takardun gidansu. Ta fitad da tarihin Asma'u a 1989, sa'an nan a 1997 ita da Beverly Mack ta Amurka suka buga ayyukanta a haɗe, da fassarar Turanci. Ga shi makarantun mata da yawa a Arewacin Nijeriya suna ɗauke da sunanta.

Saboda haka, ya kai mai koyon Hausa, in ka iske irin waƙoƙin nan a littafi, kada ka karanta su da ido kaɗai kamar jarida. Ka nemi Bahaushe ya rera maka, ka bi bayansa baiti baiti, ka ɗaga murya. Za ka ga tsawon wasali, wanda boko ya ɓoye maka, ya fito fili, kalmomin da ka ke mantawa kuma sun zauna, don kari ya riƙe maka su. Yadda matan ƙauyukan Sakkwato da Wurno suka koya ke nan a gaban Nana Asma'u. Allah ya jiƙanta, ya sa aikinta a mizani.